Kwanon Baba Malami

A Tungar Gawo, wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Horo Birni da Lambara, namiji ba ya cin tuwon dare a cikin gidansa sai in ciwo ya kwantar da shi. Da an idar da magariba kowane magidanci zai shiga gida ya fito da kwanonsa, a haɗu a kan tabarmar ƙofar masallaci, a jera kwanukan a tsakiya. Ciyayya ke nan. Ba a buɗe biyu a lokaci guda. A buɗe na wane, kowa ya sa hannu har a ga gindinsa, sannan a jawo na gaba. Mai nama a miya da wanda matarsa ta kaɗa kuka da gishiri tsura, duk a nan asirinsu yake rufuwa. Mata kuwa daga cikin gida suke samun labari. Kwano ya dawo a suɗe, an yaba hannunki. Ya dawo da saura, ki binciki miyarki. Amma a ce ya dawo ba wanda ya taɓa shi, wannan ko tsofaffin garin ba su taɓa jin an yi wa wani ba.

Maniru yana da shekara goma sha tara mahaifinsa ya rasu. Ranar da aka share makoki, Baba Malami, aminin marigayin, ya kama hannunsa ya kai shi tabarmar, ya zaunar da shi a gurbin ubansa, a gefen damarsa shi Malami. Shi ya nema masa auren Safinatu, shi ya koya masa dashen albasa a fadama, shi yake ture masa tsokar nama gabansa in an dace an samu. Shekara goma sha shida suna zaune kafaɗa da kafaɗa. In ka tambayi Maniru wa yake da shi a duniya bayan uwarsa, ba zai yi dogon tunani ba.

Kwanon gidan Maniru kuma shi ne ɗan gatan tabarmar. Safinatu ke tuƙa tuwo, amma miya ta Inna ce, mahaifiyarsa, wadda duk da tsufa ba ta yarda wani ya taɓa mata tukunyar miya. Daddawarta ita take yin abinta. Mode, wani dogo mai baki kamar rediyo, kullum shi yake fara miƙa hannu ya jawo kwanon yana cewa a bar sauran su huce.

Sai zaɓen kansiloli ya zo a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyar garin take ƙafewa, mata su riƙa tafiya har fadama da jarkoki tun kafin rana ta fito. Kansilan mazaɓar, Honarabul Aminu na jam'iyyar Tsani, yana neman komawa karo na biyu. Mai ja da shi wani tsohon malamin firamare ne, Malam Abdulaziz na jam'iyyar Tulu, wanda ko mota ba shi da ita, a kan tsohon babur yake yawon neman ƙuri'a. Aminu ya naɗa Maniru ejan ɗinsa, wato wakilinsa, na akwatin Tungar Gawo, ya ba shi hula mai hoton tsani da lambar wayarsa. To, ka san ɗan Adam. Mutumin da bai taɓa riƙe komai ba sai kalme, aka wayi gari yana da lambar kansila a waya. Har tafiyar Maniru sai da ta sauya.

Da la'asar ɗin wata Laraba Honarabul ya iso da motoci uku. Aka sa masa kujerar roba a ƙofar masallaci, maza suka zauna a ƙasa. Cikin gidaje kuma aka aika wa mata sabulu da dunƙulen magi, kowace sanda ɗaya. Ya yi magana mai tsawo, ya rufe da alkawari.

"Akwatin da duk yab ba ni ɗari bisa ɗari, ba ko ƙuri'a guda ta hita, shi za a hwara gina ma rijiyar burtsatse. Ni nic ce."

Aka yi tafi. Ana cikin tafin Baba Malami ya ɗaga hannu, ya gyara zama.

"Ranka shi daɗe, a yi mani haƙuri, tsohon kunne gare ni. Wagga rijiya, ita ta wadda kac ce muna shekara huɗu da sunka wuce, ko wata ta daban?"

Wani ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya mayar da ita tari. Honarabul ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ya ce tsofaffi albarkar gari ne, ya miƙe. Kafin ya shiga mota ya ja Maniru gefe ya ce masa ya sa ido a kan wancan tsohon. Maniru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, kuma a ransa ba kansilan ya ji wa haushi ba.

Ranar zaɓe Maniru ya fito da dabararsa. Ya tsaya nesa kaɗan da inda ake dangwalawa, aka yi yarjejeniya cewa kowa in ya dangwala zai ɗan ɗaga takardar ya gani kafin ya ninke. Malamin zaɓen, wani saurayi da aka turo daga Shagari, ya ga abin da ake yi, ya ga kuma yawan mutanen, ya mayar da kansa kan rajista. Maza suka yi ta ɗagawa. Mata ma suka yi ta ɗagawa, wasu har suna juya takardar don ya gani da kyau. Da layi ya zo kan Baba Malami, ya shiga, ya dangwala, ya ninke takardarsa gida huɗu a can ciki, ya fito ya jefa.

"Baba, ba ka nuna ba," in ji Maniru a hankali.

"A ɓoye anka ce a yi, na ko ɓoye," in ji tsohon, ya wuce abinsa yana goge yatsa a gefen riga.

Can wajen azahar Inna ta iso, ita ce kusan ta ƙarshe a layin mata, tana dafe da kafaɗar Safinatu. Maniru ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta kira, shi ma ba ya tsayawa ya zuba mata ido a gaban jama'a. Da ya hango ta sai ya kau da kai, ya tafi gindin bishiyar bedi ya sha ruwa, bai dawo ba sai da ta fice. Mutum yana gadin gari, ai ba ya gadin ɗakin uwarsa.

Da yamma aka zazzage akwati. Malamin zaɓe yana ɗaga takarda yana faɗa, jama'a suna amsawa. Tsani. Tsani. Tsani. Har murya ta fara dushewa. Sai ya ɗaga wata, ya ɗan tsaya, ya ce, "Tulu."

Aka gama ƙirga: Tsani ɗari da tamanin da uku, Tulu ɗaya. Ba wanda ya ambaci suna, amma duk wuyan da ke wurin gefe guda ya juya.

Aminu ya ci zaɓe da rata mai yawa. Bayan mako biyu Maniru ya jagoranci dattawa huɗu zuwa Shagari su yi masa murna, su kuma tuna masa da maganar ruwa. Suka yi zaman awa uku a kan benci. Da Honarabul ya fito ko zama bai yi ba.

"Ɗari bisa ɗari nic ce, ko ba haka nic ce ba? Akwai munahuki cikinku. Ku tai ku gyara gidanku tukuna."

Ni dai har gobe ina mamakin yadda dattawa huɗu masu furfura suka haɗiye wannan magana. Rijiyar da ba a gina ba a shekara huɗu, lokacin da babu wata ƙuri'ar Tulu, yau an samo mata dalili, kuma su suka ɗauko dalilin da kansu suka kawo gida a bayan a-kori-kura. Mutum ɗari da tamanin da uku sun ba shi abin da ya roƙa, bai ce musu ko sannu ba. Ba su ji zafin wannan ba. Zafin mutum ɗaya suka ji.

A daren, bayan magariba, aka jera kwanuka kamar kullum. Aka cinye na liman, aka cinye na mai gari. Na Baba Malami ne na gaba. Tsohon ya buɗe shi, tuwon dawa ne da miyar kuɓewa busasshiya, yana ta tururi, ya tura shi tsakiya ya ce bismilla. Mode ya sa bayan hannu ya ture kwanon gefe, ya jawo na Maniru.

Ba a yi shawara ba, ba a yi taro ba. Amma kowa ya san abin da ake jira. Idanu suka koma kan Maniru, don shi ne ejan, shi ne kuma ɗan gidan tsohon. Da ya miƙa hannu ya gutsuri loma ɗaya daga kwanon nan, da magana ta mutu a wurin, don ba wanda zai fi shi fushi a kan akwatinsa. Ya san haka sarai. Hannunsa har ya ɗan motsa. Sai ya tuna benci, da awa uku, da yadda Honarabul ya dube shi kamar bai taɓa ba shi lambar waya ba. Ya sa hannu a nasa kwanon.

Baba Malami ya ɗan jima yana kallon tururin. Sannan ya jawo kwanonsa gabansa ya fara ci shi kaɗai. Bai sa hannu a na kowa ba, ba kuma wanda ya ce ya sa.

Kowa ya zaci gobe ba zai fito ba. Ya fito. Jibi ma ya fito. Kullum sai ya buɗe, ya tura tsakiya, ya ce bismilla, ya jira kaɗan, sannan ya jawo abinsa. A masallaci ana haɗa sahu da shi, don wannan ba yadda za a yi, amma da an sallame sai na kusa da shi ya shiga dogon lazimi don kada su gaisa. Maniru yana nan a gefen damarsa, yana jin numfashinsa, yana jin ƙarar haɗiyarsa, yana gaya wa kansa cewa tsohon ne ya jawo wa kansa. In ba shi ba ne, me ya hana shi rantsewa?

Wata rana an watse, Maniru ya zagaya bayan masallaci zai kama ruwa, ya tarar da tsohon tsugune a bakin garken awakin liman. Tuwon mutum takwas ne a kwanon nan, tsoho ɗaya ba zai iya da shi ba. Yana gutsura yana jefa wa awaki. Da ya ƙare sai ya bi cikin kwanon da yatsa yana suɗewa, nan ya ja, can ya ja, yana juya shi, don ya yi kama da wanda hannuwa da yawa suka shiga. Maniru ya koma da baya a hankali. Ya juya ya tafi gida.

Kwana biyu bayan haka ya shigo gida da hantsi ya iske Shatu, matar Baba Malami, ta zo sayen daddawa wurin Inna. Tana ta fara'a.

"Ni kam Inna, bana ban san mi yaf faru ba. Tuwona ko ɗigo ba shi dawowa. Malam cewa yay yi har rububinai aka yi. Na kusa kamo ki!"

Inna ta yi dariya ta ce Allah ya ƙara albarka. Maniru ya shige ɗaki ya zauna a bakin gado, ya rasa abin da ya shigo ɗauka.

Kwana ashirin da shida tsohon ya yi yana fitowa da kwanonsa. A na ashirin da bakwai aka wayi gari da keke mai ƙafa uku a ƙofar gidansa, ana ɗora katifa da tukwane. Ya ce wa Shatu ɗansu Nura, da ke harkar albasa a Bodinga, yana bukatar mai taya shi, kuma ƙafarsa tana son kusa da asibiti. Bai yi sallama da kowa ba sai liman. A daren Mode ya ce tabarma ta yi fili, wasu suka yi dariya, aka matsa aka cike gurbin.

Da Maniru ya mayar da kwano cikin gida, Inna tana zaune a kan tabarmarta a ƙofar ɗaki tana jan carbi. Ba ta dube shi ba, don ba ta saba ba.

"Kai, mi yat tada Malami daga garin ubanai? Shatu ta zo mani bankwana tana kuka, ita ma ba ta gane ba."

Maniru ya gaji da ɗaukar abin shi kaɗai, ga kuma son a ce masa ya yi daidai. Ya tsuguna ya kwashe labari ya gaya mata: ƙuri'a ɗaya, da maganar kansila, da kwanon da aka ture. Har da awaki ya faɗa, bai san lokacin da ta fito ba.

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Kwana nawa?"

"Ashirin da shida."

"Kana zaune?"

"Inna, shi yaj ja ma gari asarar rijiya."

A karo na farko tun yana yaro ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Ni ta," in ji ta. "Ni nid dangwala ma Tulu."

Maniru ya ji kunnensa ya yi ɗum. Ya yi 'yar dariyar da ba ta da daɗin ji.

"Inna, idonki na. Takardar ta da layi da yawa, kin so Tsani hannu yaz zame."

"Idona ƙalau. Tun kana goyo nike zare tsakuwa cikin gero, in kasa gane tulu da tsani? Na nemi tulu, na gane shi, na danna mai yatsa har sai da tawada ta huto ta baya."

"Don mi, Inna? Ni na ejan!"

"Kai na ejan, ni na mai yatsa. Malamin nan na Tulu ya zo nan, ya yi sallama, ya tsuguna ga ƙohwar zaure, yag gaishe mu, yat tambaye mu awa nawa muka yi zuwa ruwa. Ban sani ba ko shi ma maƙaryaci na. Amma ya tambaya. Naka shekara huɗu sabulu ɗai yaka aiko muna, kamar ƙazanta munka ce tana damunmu. Sabulun ma da wane ruwa za mu wanka da shi?"

Sai muryarta ta sauka.

"Na ji ana hayaniyar ƙuri'a guda. Nic ce surutun maza na, kwana biyu shi wuce. Kwanon Shatu kuma kullum a suɗe. Da na sani da tun ran nan na hito ƙohwar masallaci na hwaɗi. Nawa laihin ke nan, ina kuma roƙon Allah gahwara. Naka kai ka san shi."

Washegari ta tashi da kanta ta tuƙa tuwo, abin da ta shekara biyar ba ta yi ba, ta kaɗa miya, ta ɗaure kwanon a tsumma ta miƙa masa ta ce ya kai wa Malami. Maniru ya hau babur zuwa bakin titi, ya shiga bas ɗin Bodinga da kwano a cinya. Duk hanya yana shirya maganar da zai faɗa, duk wadda ya shirya sai ya ji ba ta da kai.

Ya same shi a bayan kasuwa, ƙarƙashin wata rumfar zana, zaune a kan buhu yana tsince albasa, mai kyau nan, mai ruɓa can. Mutumin da ke da gonarsa da fadamarsa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Maniru ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, tsohon ya amsa kamar yadda ake amsa wa kowa, ya tambayi mutanen gida, hannunsa bai daina aiki ba.

"Baba, na zo neman gahwara. Mun zalunce ka. Mun gano ba kai na ba." Ya haɗiyi yawu. "Inna ta."

Hannun ya tsaya. Baba Malami ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Allah shi yi mata albarka. Ta yi abin da nis so yi nik kasa."

"Kana nuhin..."

"Tsani nid dangwala ma. Na tsaya can ciki, na dubi tulun nan, raina na sonai. Sai nit tuna kai na ejan, nic ce kada in kunyata ɗan Abdulƙadir. Ban taɓa jefa ƙuri'ar da nike jin kunyatta ba sai wagga."

Maniru ya ji hawaye sun cika masa ido. Sunan ubansa ne tsohon ya kira.

"To Baba, don mi ba ka hwaɗi ba? Kalma guda!"

"Wa yat tambaye ni? Kai da ka zaune ga damata, ka tambaye ni? In kuma na rantse ba ni na ba, mi za ku yi? Ku tashi ku bi gida gida kuna neman wanda za ku ture ma kwano. Nic ce bari shi tsaya kaina."

"Ka dawo gida, Baba. Ni za ni tsaya gaban kowa in wanke ka."

Tsohon ya ajiye albasar da ke hannunsa, ya juyo gaba ɗaya.

"Ka wanke ni daga mi? Nan na ba mu gane ma juna ba, Maniru. Ka biyo ni Bodinga don ka gano ba ni na ba. To da ni na fa? Da na dangwala ma Tulu, kamar yadda raina yas so, da yanzu kana ina? Da kana bisa tabarma kana cin tuwo, kana cewa na ga abin da nig gani. Ba ni kaz zo ba haƙuri ba. Kuskuren lissahi kaz zo gyarawa."

Gaskiya ce, kuma tun a cikin bas Maniru ya san da ita. Ya kwance tsumman, ya tura kwanon gaban tsohon.

"Inna ta ce a kawo ma."

Baba Malami ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya ɗebi ruwa a buta ya wanke hannu, ya buɗe, ya yi bismilla, ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu. Ya ƙwala wa masu ɗinkin buhu da ke rumfar gefe kira, suka zo su uku suka sa hannu, nan da nan aka ga gindin kwano. Bai ce wa Maniru bismilla ba.

"Ba ni maida ma mace kwano ba a taɓa ba," in ji shi yana rufewa. "Don ita nic ci. Ka gaishe ta. Garinku kuma na bar muku. Abu guda nika roƙonka: Shatu har yau ba ta sani ba. In kab bari ta ji, ban yahe ma ba."

Ya koma kan albasarsa.

Maniru ya iso Tungar Gawo ana kiran magariba. Ya yi salla, ya shiga gida ya ɗauko kwanon dare, ya fito ya zauna. Gefen hagunsa yanzu Mode ne. Aka cinye na liman, aka cinye na mai gari, Mode ya miƙa dogon hannunsa ya jawo na Maniru, ya buɗe, ya shaƙi ƙamshin ya ce yau tsohuwa ta saki hannu da daddawa. Hannuwa bakwai suka nufi kwanon.

Zai iya yin shiru. Ba wanda zai taɓa sani, Malami ba zai faɗa ba, Inna ba ta fita. Ya dubi wurin da tsohon yake tura kwanonsa ya jira.

"Kahin ku ci," in ji Maniru. "Baba Malami Tsani yaz zaɓa. Ƙuri'ar nan guda, mai wagga miya ta jehwa ta. Da saninta, kuma ta ce ko gobe anka sake haka za ta yi. Ni kuma ban ga laihinta ba. Bismilla."

Ya zaci wani zai ce innalillahi. Ya zaci liman zai ce a tashi mutum a tafi Bodinga gobe. Ya ba su lokaci. Liman ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarma. Mai gari ya dubi sama kamar mai duban hadari a bazara. Mode, da lomarsa ta riga ta kai rabin hanya, ya tsaya da ita a iska, ya dubi wannan ya dubi wancan, sannan a hankali ya mayar da ita gefen kwanon ya goge yatsunsa a tabarma. Hannuwan suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wani ya jawo kwano na gaba, aka buɗe, aka shiga maganar farashin taki.

Maniru ya jawo nasa gabansa. Tuwon mutum takwas. Ya ci har ya ji zai amayar, ya huta, ya ci gaba. Bai kai wa awaki ba. Da ya ga gindin kwanon sai ya tsinci kansa yana bin cikinsa da yatsa, nan ya ja, can ya ja, yana juya shi.

Inna tana ƙofar ɗakinta, fitila a gefenta. Ya ajiye kwanon a gabanta zai wuce. Ta ɗauka, ta buɗe, ta karkata shi wajen haske, ta juya shi sau ɗaya. Shekara arba'in tana karɓar kwano daga tabarmar nan.

"Hannu guda na," in ji ta.

Ta rufe kwanon, ta ɗaga murya wajen madafa.

"Safinatu! Daga gobe ki rage tsaba. Mutum guda za mu dahwa ma."